Kwabo da Rawayar Hula

Kujerar ƙarfe ce ta haɗa su. Ba shi aka nufa da ita ba, amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a goshinsa ta sauka.

Ranar an tara masu haya da babur a zauren taron asibitin unguwa. Asibitin ya gaji da ɗinkin fasassun kawuna, shi ya sa aka tsara shiri: a raba musu hular kwano kyauta, a riƙa zama da su duk mako ana koya musu yadda ake ɗaure ta. Auta aka ɗora wa koyarwar, don ita ce jami'ar wayar da kai ta asibitin, kuma bakinta ya iya da jama'a. Shi kuma daga hedikwata aka turo shi, siririn saurayi mai gilashi, aikinsa ya auna ko shirin yana amfani ko ɓata lokaci ne kawai.

Matsalar ita ce tashoshin babur biyu ne a unguwar, ta bakin gada da ta bakin kasuwa, hulunan kuma ba za su ishi duka ba. Saurayin ya miƙe, ya gyara gilashi, ya ce cikin ladabi za a fara da tasha ɗaya, ɗayar ta jira zagaye na biyu.

"Ta haka za mu kwatanta," in ji shi, "mu ga a wane ɓangare raunin kai ya ragu."

"To su wa za su zauna kawunansu su ci gaba da fashewa kana ƙirgawa?" in ji Ciyaman na tashar gada, wani ƙato mai tabo a leɓe, da sarƙar babur ɗaure a ƙugu.

Wani ɗan tashar kasuwa ya ce ai kan 'yan gada ba ya fashewa, babu komai a ciki. Shi ke nan. Benci ya kife, sarƙa ta fito, aka kaure da dambe, wani ya cira kujera ya wurga. Auta ta ga saurayin nan ya dafe goshi, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa yana ɗiga a farar rigarsa, amma bai daina cewa, "Don Allah ku saurara," ba. Ta finciko hannunsa ta ja shi ta ƙofar baya.

A ɗakin wankin ciwo ta zaunar da shi, ta cire masa gilashin da ya tsage. Sai a lokacin ta ga idanunsa da kyau, ta kuwa yi saurin mayar da nata kan auduga.

"Malam, daga hedikwata ba su gaya maka ana kaucewa in an jefo kujera ba?"

"Ba ya cikin tsarin aiki, Sista."

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Shi ma ya fara, ciwon ya hana shi.

Da ta gama naɗe masa kai, ya laluba aljihu ya fito da wani tsohon kwabo. Ya ce ba shi da ikon zaɓar tashar da ta yi masa, ƙa'ida ita ce a jefa kwabo don kada son rai ya shiga. Gefen hoto 'yan gada, gefen lamba 'yan kasuwa. Hannunsa kuma duk jini ne, ko za ta taimaka ta jefa?

Auta ta karɓa. Ba ta gaya masa cewa Yayanta, wanda suke ciki ɗaya, a tashar gada yake haya ba. Ta dai yi addu'a a zuci ta cilla. Kwabon ya yi ƙara a kan tiren ƙarfe, ya juya, ya kwanta. Gefen lamba ne a sama.

"Kasuwa," in ji shi. "Hannunki ya yi adalci."

Ta ce, "Uhm," ta juya tana wanke almakashin da ta riga ta wanke.

Daga nan aiki ya haɗa su kullum. Ita tana zama da 'yan kasuwa a inuwar rumfarsu, tana ɗaure wa wannan igiyar hula, tana zolayar wancan da ya ce hula tana ɓata masa askinsa. Shi kuma yana tsayawa a bakin shataletale da wata 'yar na'ura a hannu, yana dannawa duk lokacin da mai hula ya wuce. Shi ya sa aka yi wa hulunan duka fenti rawaya, don ya riƙa hango su daga nesa. 'Yan babur suka laƙaba masa Mai Awo, sunan ya bi shi har cikin wayar Auta.

Da yamma saƙonsa yake shigowa.

"Likitata, yau na ƙirga masu hula har yatsana ya gaji. Amma da kika wuce ta gaban kemis sai na danna sau uku. Kin ɓata min lissafi."

Ta kan karanta ta kife wayar a ƙirji, sannan ta amsa.

"Mai Awona, ka cire biyu ka bar ɗaya. Ni ɗaya ce, kuma ba a kwatanta ni da kowa."

"Na sani. Ke ce kaɗai abin da na yarda da shi ban auna ba."

Zuciya ba ta da ƙashi. Kafin ɗinkin goshinsa ya zama tabo, Auta ta san ta kamu, kuma ba ta neman magani. Ya ce yana so ya je ya gaida Baba, a fara maganar aure.

Baba mai gyaran jikin mota ne da fenti. Garejinsa yana ƙarshen layinsu, kullum cikin ƙarar guduma da warin tina, ruwan tsinka fenti. Mai Awo ya zo da rana, ya durƙusa a kan ƙasar da baƙin mai ya jiƙa, ya gaishe shi. Baba bai ajiye gudumar ba.

"Kai ne mai jefa kwabo?"

"Ni ne, Baba."

Auta tana bayan wata mota tana ji. Mai Awo bai ko kalli inda take ba.

"Ɗana yana fita da asuba kansa a buɗe kamar ƙwai a faranti, kai kana bakin titi kana jiran ka ƙirga shi. Yanzu kuma ka zo neman ƙanwarsa." Baba ya buga gudumar a jikin ƙofar mota, ƙarfen ya lotsa. "Mutumin da yake jefa kwabo a kan 'ya'yan mutane ba zan ba shi tawa ba. Tashi ka ba ni wuri."

Umma ta yi ƙoƙarin sa baki a gida, Baba ya ce ta bar maganar. Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura, amma ba ta iya buɗe baki ta ce hannunta ne ya jefa ba.

A waje kuma ƙaramar magana ta zama babba. Rawayar hula ta zama tambarin 'yan kasuwa. Fasinjoji suka fara tsayar da mai hula suna barin marar hula, 'yan gada suka ga abincinsu yana tafiya. Ciyaman ya kafa doka: duk rawayar hular da ta tsallako gada, a sauke mai ita. Na farko da aka kama, an karya masa haƙora da sarƙa, aka cinna wa hular wuta a tsakiyar titi. 'Yan kasuwa suka rama da rana tsaka, suka tare wani ɗan gada a gidan mai, suka yi masa jina-jina da bututun ƙarfe. Auta ta koma tana riƙe wa likita fitila ana ɗinke mutanen da ta koya wa ɗaure igiya da hannunta.

Ciyaman ya daɗe yana sonta, ta daɗe tana ce masa a'a. Wata rana ya tare ta a ƙofar asibiti, ya gindaya babur a gabanta.

"Autar Baba, an ce kina yawo da wancan mai gilashin."

"Ciyaman, ba ni hanya, ina da marasa lafiya."

Ya kwance sarƙar daga ƙugunsa, ya naɗe ta a hannu a hankali yana murmushi. "Ki gaya masa ya auna ƙafafunsa da kyau. Kwanan nan za su ragu."

Ranar ce kuma aka kawo wani ɗan gada da mota ta ture a babban titi. Ba duka ba ne, haɗari ne kawai, kansa a buɗe. Sa'an Yaya ne. Ya cika a hannunsu kafin a kai shi tiyata. Auta ta wanke hannu, ta wuce kai tsaye ɗakin ajiya, inda Mai Awo yake zaune a gaban ragowar hulunan.

"Ka ba ni ɗaya."

"Ta wa?"

"Ta Yayana. A gada yake."

Ya miƙe a hankali. "A gada? Kika jefa kwabon nan ba ki gaya min ba?"

"Yanzu na gaya maka. Ka ba ni."

"Autata, ba zan iya ba. In hula ta shiga gada kwatancen ya lalace. Kuma ki tsaya ki ji, rawaya a gada yanzu..."

Ba ta tsaya ta ji ba. Kalmar kwatance kaɗai ta shiga kunnenta, ta ƙona ta har zuci.

"Ashe Baba ya fi ni ganinka. Yayana lamba ne a wurinka."

Ta fita ta bugo ƙofa. Saƙonsa ya biyo ta tun kafin ta kai gida.

"Likitata, na yi kuskuren magana. Abin da nake so in ce shi ne rawayar hula za ta jawo masa duka. Kullum ina roƙon hedikwata su tsayar da awon nan, ba su amsa ba. Gobe zan saya masa baƙa a kasuwa da kaina. Ki jira ni zuwa gobe, don Allah."

Ta ga sunansa a fuskar wayar, ta kashe ta ba ta buɗe ba. Fushi mugun mashawarci ne, Auta kuwa ta ba shi kunne duka biyu.

Tana da hula ɗaya a jakarta, wadda take koyarwa da ita, rawaya mai baƙin gilashi. Ta kai wa Yaya ɗakinsa. Ya yi dariya ya ce so take a yi masa kaciya ta biyu? Ta fashe da kuka, ta ba shi labarin wanda ya mutu a hannunsu. Yaya ba ya jure kukan Auta tun suna yara. Ya yi alkawari zai riƙa sawa in ya hau babban titi, ya cusa ta a buhu kafin ya kusanci gada. Ta ɗaure masa igiyar da kanta, ta nuna masa yadda yatsa biyu kaɗai za su shiga ƙarƙashin haɓa.

Washegari babur ɗinsa yana wurin makaniki, ya karɓi aron na maƙwabci. Ya kai fasinja can bayan gari, ya juyo, iska tana kaɗawa, hular ta zauna masa daidai har ya manta tana kansa. Haka ya hau gada.

Babu wanda ya gane babur ɗin, babu wanda ya ga fuskar. Aka jefa masa katako a ƙafar gaba, ya kife ya ja jiki a kwalta. Kafin ya tashi sun rufe shi. Sarƙa a gadon baya, takalmi a haƙarƙari, aka taka hannunsa har ƙashi ya yi ƙara. Sannan wani ya ɗaga ƙarfen rodi da hannu biyu ya sauke a tsakiyar hular. Ta dare gida biyu, fuskar ta bayyana. Waɗanda suke dukan suka tsaya cak, sannan suka watse.

Auta tana bakin aiki aka shigo da shi a kan gadon turawa. Fasasshiyar hular ta fara gani a kan cikinsa, igiyar da ta ɗaure tana lilo.

Kafin la'asar barandar asibitin ta cika. Ciyaman ne da kansa ya zo da mutanensa, yana ta faɗa wa kowa cewa 'yan kasuwa ne suka kama Yaya da hularsu suka yi masa haka. Baba ya iso da kayan aiki a jikinsa, fenti a hannuwa. Ya ɗauki rabin hular ya juya ta.

"Wa ya ba ɗana wannan?"

Auta ta buɗe baki. Muryar Mai Awo ta riga tata, daga bayanta.

"Ni ne, Baba."

Marin da Baba ya kwaɗa masa sai da gilashinsa ya tashi ya bugi bango. Abin da Ciyaman yake jira ke nan. Suka cafke shi ta kwala suka ja shi a ƙasa har farfajiya, masu gadi biyu suka gwada tarewa aka ture su. Mai Awo bai rama ba, bai ma iya ba. Ya dunƙule ya rufe kai da hannuwa, sarƙa tana sauka, farar rigarsa tana rinewa. Ciyaman ya taka masa gwiwa ya ce, "Na ce ka auna ƙafafunka."

Auta ba ta san lokacin da ta ratsa su ba. Ta faɗa a kansa ta rufe shi da jikinta. Sarƙar da ta riga ta taso ba ta da birki, ta sauka a kafaɗarta, ta yaga riga da fata. Zafin ya ɗauke mata numfashi, amma ta ɗago kai ta nemi Baba da ido.

"Baba, ni na ba Yaya hular. Wannan ya hana ni, na ƙi ji. Kwabon ma ni na jefa, da hannun nan. Ƙarya yake yi muku don kada ku tsane ni. In duka ne, ni za ku daka."

Baba ya kalli jinin da yake bin hannun 'yarsa. Ya sauko daga baranda. Tsoho ne, amma hannun da ya shekara yana miƙar da ƙarfe ba abin wasa ba ne. Ya riƙe sarƙar Ciyaman ya fizge, ƙaton ya yi taga-taga.

"Duk wanda ya sake ɗaga hannu a nan, da ni zai yi."

Ana cikin haka wata nas ta fito da gudu ta ce Yaya ya farfaɗo, yana neman mahaifinsa. Baba ya shiga, Auta ta bi shi tana dafe da kafaɗa, wasu 'yan gada suka cunkushe a ƙofa. Yaya yana kwance, fuska a kumbure, magana da ƙyar.

"Su wa suka yi maka haka? 'Yan kasuwa?" in ji Baba.

Yaya ya girgiza kai kaɗan. "Namu ne, Baba. Ciyaman ne ya ɗaga rodin. Ina ganinsa ta cikin gilashi. Ina ta ce masa ni ne, ni ne, muryata ba ta fita daga hular."

Wani daga cikin na bakin ƙofa ya zauna a ƙasa ya rufe fuska yana kuka, don shi ya jefa katakon. Da aka leƙa farfajiya, Ciyaman yana ƙoƙarin tayar da babur, mutanensa na jiya ne suka riƙe shi har 'yan sanda suka zo.

Likita ya gaya wa Baba gaskiya ba ɓoye-ɓoye: hular ce ta jawo dukan, hular ce kuma ta hana a kai Yaya makabarta.

Aka kwantar da Mai Awo a gadon da yake kusa da na Yaya, ɗaya da karyayyen hannu, ɗaya da fasasshiyar gwiwa. Kafin mako ya zagayo sun zama abokai, suna musu a kan wa ya fi wani shan duka. Auta tana shigowa da kafaɗa a naɗe, ta duba Yaya, ta wuce gadon gefe ba ta iya haɗa ido. Sai da ta buɗe saƙon nan da ta ƙi karantawa, ta zauna a bayan ƙofa ta yi kuka mai isarta. Ta rubuta masa, alhali bango ɗaya ne tsakaninsu.

"Mai Awona, ka ce in jira gobe, ban jira ba. Ka yafe min."

"Likitata, ni na zaɓi rawaya don in huta wajen ƙirga. Ban tambayi ko mutum ɗaya a tasha me launi zai jawo ba. In za a raba laifi, nawa ya fi nauyi. Ki zo ki duba min gwiwa, nas ɗin nan ba ta da tausayi."

Daga kan gadon ya rubuta rahotonsa, bai yi wa kansa kwalliya ba. Ya ce raunin haɗari ya ragu a kasuwa, raunin duka ya ƙaru a ko'ina, kuma shi ne sila, don ya tsara shiri a kan mutane bai zauna da su ba. Abokan aikinsa suka ce ya sassauta, zai iya rasa kujerarsa. Ya ce kujera ai ya riga ya sha ta a goshi. Hedikwata suka ja masa kunne, suka tsayar da kwatancen, suka sako hulunan zagaye na biyu.

Baba yana zuwa kullum, ya zauna kusa da Yaya, ba ya ce wa na gefe komai. Ran da za a sallame su ne ya tsaya a ƙarshen gadon Mai Awo, yana kallon bango.

"Hulunan nan, sababbi da tsofaffi. Ka kawo min su gareji."

Aka kai su a bayan mota. Mai Awo ya zo da sanda yana ɗingishi, wannan karon ya kira dattawan tashoshin biyu suka zauna a benci ɗaya, ya tambaye su yadda suke so. Suka ce kowa ya zaɓi launinsa, kada a sake gane tasha da hula. Baba ya ɗaura ƙyalle a hanci ya kama fesa fenti: ja, shuɗi, kore, baƙi, fari, har da wani da ya nace sai ruwan hoda don matarsa ta riƙa hango shi. Baƙin gilashin kuma Baba ya ce a cire, a sa mai haske, mutum ya ga fuskar ɗan'uwansa.

"To yanzu ta yaya za ka ƙirga?" in ji Yaya.

"Zan matso kusa," in ji Mai Awo.

Da aka watse, Baba ya wanke hannu da tina, ya zauna a kan tsohuwar taya. Auta tana tattara gwangwanayen fenti, kunnenta yana wurinsu.

"Kwabon nan yana wurinka?"

Mai Awo ya ciro shi ya miƙa da hannu biyu. Baba ya juya shi, gefen hoto, gefen lamba.

"Sau biyu ka yi min ƙarya a fuskata. Ba na son maƙaryaci." Ya sake juya kwabon. "Amma na ga abin da ƙaryar ta jawo maka, ban ji ka janye ta ba ko da sarƙa tana sauka. Na mare ka ba da hakki ba, ka yafe min."

"Baba, ai uba ne ya mari ɗansa."

Baba ya ɗora kwabon a kan maƙera, ya ɗauki guduma, ya sauke masa sau ɗaya. Hoto da lamba suka shafe, ya zama faifan ƙarfe kawai. Ya miƙa masa.

"Ni ba na jefa kwabo a kan 'ya'yana. Da ido na duba, na zaɓa. Ka turo manyanka."

Gwangwanin da yake hannun Auta ya suɓuce, shuɗin fenti ya malale a ƙasa. Ta durƙusa a gaban Baba ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, shi kuma yana cewa ta tashi, ta ɓarar masa da fenti mai tsada.

Ranar ɗaurin aure, da aka fito da amarya, layin ya cika da babura daga gareji har bakin titi, 'yan gada da 'yan kasuwa a cakuɗe, kowa da hularsa a ɗaure, ba mai iya cewa wannan na ina ne. Yaya ne a gaba, hannu ɗaya bai gama miƙewa ba, da wata sabuwar hula fara. Tsohuwar, mai rabi biyu, tana rataye a ƙofar garejin, Baba ya ce ba za a yi mata fenti ba.

Umma ta rungume Auta. Baba ya kama hannunta, wanda tabon sarƙa yake samansa, ya sa a hannun mijinta.

"Ga ta nan. Ta taɓa rufe ka da jikinta, kai ma ka rufe ta da naka. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya tsare kawunanku da na 'ya'yan mutane."

Layin gaba ɗaya ya amsa da amin.

A cikin mota wayarta ta yi ƙara, alhali yana zaune a gefenta, kafaɗarsa tana taɓa tata.

"Matata, na gwada ƙirga baburan da suke raka mu, na kasa. Kowa yana da hula."

Ta share ido da gefen mayafi, ta karɓe tasa wayar daga hannunsa, ta riƙe hannun.